Maginana sun sauya hali lokacin annoba: ciwo ne ko lalaci?

Wani fomen da ya shekara 15 yana kula da aikin gini ya aiko da tambaya. Ya ce lokacin korona yana da mutum kusan 40 a hannunsa. Da aka sassauta dokar kulle suka dawo aiki, sai ya ga kamar an musanya masa su: faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, birkilan da bai taɓa kuskuren awo ba ya fara karkata bango, wasu na zuwa da jajayen idanu, kafintan da ke sa kowa dariya ya yi gum. Ya ce: "Na ɗauka lalaci ne da raini, har na sallami mutum biyu. Yanzu abin yana ci mini rai. Ciwo ne ko hali? Me ya sa ya fi kama masu aikin gini? In wata annobar ta zo, me ya kamata in yi?"

Malam, sannu da ƙoƙari. Ba kowane mai kula da ma'aikata ne zai waiwayo bayan shekaru ya tuhumi kansa ba, kuma wannan tuhumar ita ta sa zan ba ka amsar a buɗe ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Abin da ka gani mun san shi a fannin lafiyar ma'aikata, muna kiransa ƙuncin rai. Yanayi ne da mutum ke shiga idan nauyin da ke kansa ya fi ƙarfin dabarunsa, ya daɗe a haka, kuma bai ga mafita ba. Shi kansa ba cuta ba ne irin wadda likita zai rubuta wa suna a kati. Yawancin mutane sukan dawo daidai idan aka sauke musu nauyin. Amma wani kaso daga cikinsu abin yakan zarce ya zama ciwon baƙin ciki mai tsanani, ko ciwon fargaba, ko shaye-shaye, kuma waɗannan cututtuka ne sosai masu buƙatar magani. Masu bincike suna auna ƙuncin rai da tambayoyi masu sauƙi. Akwai ma'aunin da ake kira K10, tambaya 10 ne game da makonni huɗu da suka wuce: sau nawa ka ji gajiya ba dalili, sau nawa ka ji hankalinka ya ƙi kwanciya, sau nawa ka ji komai ya yi maka nauyi, sau nawa ka ji ba ka da wani amfani. Da za a yi wa mutanenka waɗannan tambayoyin a makon da suka dawo, ina kyautata zaton da amsoshin sun tayar maka da hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Maris na 2022 cewa a shekarar farko ta korona, yawan masu ciwon fargaba da na baƙin ciki ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100 a duniya. Wannan na kowa da kowa ne. Masu aikin gini kuwa annobar ta same su ne da tsohon miki.

A 2017 hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar da alƙaluman kashe kai a Ingila daga 2011 zuwa 2015, ta rarraba su bisa sana'a. Ta gano cewa leburorin gini maza haɗarinsu ya ninka na sauran mazan ƙasar kusan sau uku. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta duba bayanan jihohi 32 na shekarar 2016, ta ga cewa a cikin mazan da ke aikin gini da haƙar ma'adinai, kusan 49 cikin kowane 100,000 sun kashe kansu, alhali na dukkan maza ma'aikata kusan 27 ne. Waɗannan ƙasashe ne masu arziki da dokokin kare ma'aikata, kuma tun kafin a ji sunan korona ke nan.

Dalilan ka fi ni saninsu, sai dai watakila ba ka taɓa kallonsu a matsayin abin da ke taɓa lafiyar ƙwaƙwalwa ba. Aikin gini aiki ne mai ƙarewa: ranar da aka gama fenti, ranar kowa ya koma neman wani. Kuɗi na bin doguwar hanya, daga mai gini zuwa ɗan kwangila, zuwa ƙaramin ɗan kwangila, zuwa shugaban ayari, kafin ya iso hannun mai ɗaukar bulo, kuma duk inda ya maƙale a hanya, na ƙarshen ne ke kwana da yunwa. Da yawa suna aiki nesa da iyali. Jiki na ciwo kullum, baya da gwiwa da kafaɗa, kuma ciwon da ba ya tafiya yana cinye haƙurin mutum a hankali. Sannan wuri ne na maza, inda wanda ya ce ya gaji a zuci zai sha tsiya, don haka kowa ya bar ta ciki na ciki. Tun 1979 wani masani mai suna Robert Karasek ya nuna cewa aikin da ya fi gallabar mutum shi ne wanda ake neman abu da yawa daga gare shi amma ba shi da ta cewa a kan yadda za a yi. Lebura a wurin gini shi ne cikakken misalin wannan. Ana ce masa yi sauri, ba a tambayarsa shawara.

To sai annoba ta zo a kan wannan.

Mutane da yawa suna zaton tsoron ƙwayar cutar ne ya fi damun ma'aikata. Tsoron yana nan, amma a fahimtata ba shi ne babba ba. Babban shi ne tarkon da aka jefa mai aikin yini a ciki. Ma'aikacin ofis ya ɗauki kwamfuta ya koma gida, albashinsa na shigowa. Bango kuwa ba ya ginuwa ta waya. Inda aka rufe wuraren gini, lada ya tsaya cak a rana ɗaya ga mutanen da ke hannu baka hannu ƙwarya. Inda aka bar su a buɗe, ma'aikaci ya ci gaba da cusuwa a mota da ɗakin kwana da wurin cin abinci, yana jin sanarwa tana cewa kowa ya zauna a gida don ya tsira. Gaba kura, baya sayaki.

Ka ɗauki birkila ɗaya a lokacin korona, ya tashi da asuba da ɗan tari da zafin jiki. In ya faɗa maka, za ka ce ya killace kansa kwana 14, kuma ka yi daidai. Amma kwana 14 ɗin nan ba lada, watakila kafin ya dawo an sa wani a gurbinsa, kuma abokan aiki za su riƙa ja da baya in ya matso. In ya ɓoye, zai yini yana kwaɓa kusa da dattijon da ya san yana da ciwon suga, ya koma ya kwanta cikin 'ya'yansa, zuciyarsa na cewa in wani ya mutu kai ne sila. Duk wanda ya zaɓa a cikin biyun akwai abin da zai hana shi barci. Kuma ba sau ɗaya ya yi wannan lissafin ba, kowace safiya ne, wata da watanni. Wannan shi ne abin da ke narkar da mutum. Ƙwaƙwalwa tana iya jure babbar masifa guda mai farko da ƙarshe fiye da yadda take jure rashin tabbas da ba a san ranar ƙarewarsa ba.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an yi asarar kashi 8.8 cikin 100 na sa'o'in aiki a duniya, daidai da aikin cikakken lokaci na mutum miliyan 255. A Indiya, an sanar da kulle da daren 24 ga Maris 2020, ya fara aiki bayan sa'o'i huɗu kacal. Wuraren gini suka tsaya, motoci da jiragen ƙasa suka tsaya, 'yan ci-rani masu ɗimbin yawa, da dama daga cikinsu magina ne, suka kama hanya a ƙafa, wasu tafiyar ɗaruruwan kilomita, don su isa garuruwansu. A Singafo kuwa, fiye da ma'aikata baƙi 300,000 ne ke zaune a manyan gidajen kwana, mutum goma sha wani abu a ɗaki ɗaya, yawancinsu masu aikin gini da makamantansa. Fiye da tara cikin goma na duk waɗanda suka kamu a ƙasar a 2020 daga cikinsu ne. An kulle su a ɗakunan, kuma ko bayan sauran jama'a sun fara fita, su an ci gaba da taƙaita musu zirga-zirga fiye da shekara guda. A tsakiyar 2020 jaridu suka riƙa kawo rahotannin masu yunƙurin kashe kansu a waɗannan gidaje. Na kawo waɗannan ne don ka ga cewa mutanenka 40 ba su kaɗai ba ne, kuma ba wani lahani ba ne a jininsu.

A watan Fabrairu na 2020 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga nazarin bincike 24 da aka yi kan mutanen da aka taɓa killacewa a annobar baya, irin su SARS da Ebola. Abubuwan da suka fi jefa mutane cikin ƙunci su ne tsawon killacewar, tsoron kamuwa, zaman kaɗaici, ƙarancin kayan masarufi, rashin ingantaccen bayani, asarar kuɗi, da ƙyama daga jama'a. Ka sake duba jerin nan a hankali. In ka cire tsoron kamuwa, kusan duk sauran abubuwa ne da ke hannun mutane, wasu ma a hannun ɗan kwangila da fomen suke.

Dawowa aiki kuma ba hutu ba ne, an gudu ne ba a tsira ba. Ranar miƙa gini ta matso ko ta wuce, mai gini na matsa wa ɗan kwangila, shi yana matsa maka, kai kana matsa musu. An rage yawan mutane don a ba da tazara, aikin kuwa bai ragu ba. Kayan gini sun yi tsada ko sun ƙi isowa, a yini a zaune yau, gobe a ce a zuba kankare har dare. An ce a yi nesa da juna, alhali mutum biyu ba sa ɗaga ƙarfe mai nauyi daga nesa. Takunkumi a fuska cikin rana da ƙura da gumi. Kuma kowannensu ya dawo da bashin da ya ci lokacin kulle, wasu sun dawo da mutuwar da ba su samu halartar jana'izarta ba.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe sosai, don shi ne zai amfane ka ko ba annoba. Namiji mai aikin ƙarfi da wuya ya zo ya ce maka "ina cikin baƙin ciki". Zai ce kansa na ciwo, ƙirjinsa ya riƙe, cikinsa na zafi, bayansa ya ƙi saki, barci ya ƙaurace masa. Kada ka ɗauka ƙarya yake yi ko yana fakewa. Idan mutum ya ji barazana, jiki na sakin sinadarai irin su adiranalin da kotizol: bugun zuciya ya ƙaru, tsokoki su ɗaure, narkar da abinci ya ragu, barci ya zama sama-sama. An yi wannan tsarin ne don gudun minti kaɗan daga haɗari. In ya zauna a kunne wata uku, sai tsoka ta fara ciwo, ciki ya rikice, mutum ya zama kamar busasshiyar ciyawa, ƙaramin tartsatsi ya ishe shi. Faɗan da ka gani a kan shebur ko baro daga nan ya fito.

Birkilan da ya fara karkata bango kuma, ina zargin barci. Binciken da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi sa'o'i 17 a farke, saurin lura da daidaiton hannunsa sun yi ƙasa kamar na wanda ke da giya kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi a kanta. Wanda ya kwana yana juyi yana lissafin bashi, dare bayan dare, haka yake zuwa maka da safe. Ƙwarewarsa na nan, hankalin da zai riƙe ta ne ya rabu biyu. In a ƙasa yake, asarar bulo ce da siminti. In a hawa na huɗu yake a kan katako, magana ta zama ta rai, domin faɗowa daga sama ita ce kan gaba wajen kashe masu aikin gini a ƙasashen da ake ƙirga irin wannan mutuwa. Shi ya sa ba na yarda a ware lafiyar ƙwaƙwalwa gefe kamar wani abin ado da za a duba in an samu sarari. Ɗaya take da hular kwano da igiyar ɗaure ƙugu.

Jajayen idanun nan na iya zama rashin barci, na iya zama kuka, na iya zama ƙwaya. Mai ciwon baya da aka saba ba shi maganin kashe zafi mai ƙarfi yakan gano cewa maganin yana kashe zafin zuciya ma na ɗan lokaci, sai ya ƙara. Wani giya, wani maganin barci. Da farko suna taimakawa, daga baya su lalata barcin gaba ɗaya su ƙara baƙin cikin.

Ka tambaya, ciwo ne ko hali? Ga yadda nake rarrabewa. Hali tsoho ne: malalaci tun ranar da ka ɗauke shi malalaci ne. Ƙunci kuwa sauyi ne, mutumin da ka sani ya koma wani. Sai ka duba tsawon lokaci: kwana biyu ko uku na ɓacin rai kowa na yi, amma idan mutum ya kai mako biyu kusan kullum cikin baƙin ciki ko ya daina jin daɗin duk abin da yake so a da, tare da sauyin barci da cin abinci da kasala, likita zai fara tunanin ciwon baƙin ciki. Sannan ka duba ko abin ya bi shi ko'ina. Wanda ke jin haushinka kai kaɗai zai yi dariya da abokansa lokacin hutu. Wanda ƙunci ya kama, a wurin hutun ma shi kaɗai yake zaune.

Cikin duk waɗanda ka lissafa, kafintan da ya yi shiru shi ya fi tsaya mini a rai. Masu faɗa kowa na ganinsu. Mai shiru ba ya damun kowa, shi ya sa ake wuce shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ba ta isa ba, sai an tambayi baki. Alamomin da ba a jira a kansu su ne: mutum ya fara cewa ya zama kaya a wuyan iyalinsa, ko gara ba ya nan, ya fara rabar da kayan aikinsa, alhali kafinta ba ya rabuwa da zartonsa haka kawai, ya yi sallama irin wadda ba ta dace da tafiyar yini ba, ya daina kula da kariya a sama kamar bai damu ya faɗo ba, ko bayan dogon ƙunci ya wayi gari da wata natsuwa da ba ka san dalilinta ba.

In ka ga haka, ka ja shi gefe inda ba mai ji. Kada ka fara da maganar aiki. Ka faɗi abin da idonka ya gani: "Na ga kwana biyu ba ka magana, ka rame, ba haka na san ka ba. Me ke faruwa?" Sannan ka yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo. Zai ce ba komai, kusan kowa haka yake cewa da farko. Ka ce to, ka dawo gobe. In maganarsa ta nuna ya yanke ƙauna, ka tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Na san bakinka zai yi nauyi. Mutane suna tsoron cewa tambayar za ta dasa masa tunanin, amma bincike da yawa ya nuna ba ta yin haka, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, don a karon farko wani ya yarda ya ji abin da yake ɗauke da shi. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a sauke shi daga aikin sama da na injina nan take ba tare da tozarci ba, a nisanta shi da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kira wanda ya amince da shi cikin danginsa, a kai shi asibiti a ranar. Kada ka yi masa alkawarin riƙe wannan sirrin.

Abin da ba ya taimako shi ne "kai fa namiji ne", da "wasu sun fi ka shiga uku", da nuna masa cewa raunin imani ne ko rashin godiya. Mai ƙarfin imani na kamuwa da ciwon baƙin ciki kamar yadda yake kamuwa da hawan jini. Addu'a da haƙuri suna riƙe mutum, kuma ba sa hana shi zuwa asibiti.

Kai ba likita ba ne, kuma ba a neman ka zama. Jagorar taimakon gaggawa na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta taƙaita aikin irinka a abu uku: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai sami taimako. A asibiti za a fara duba jiki, domin ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar maƙoƙo duk suna iya kama da ciwon baƙin ciki, kuma wasu da suka yi korona sun daɗe da gajiya da mantuwa watanni bayan sun warke. In ciwon baƙin ciki ne, akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre ana tattaunawa bisa tsari, akwai kuma na sha. Na shan yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, don haka kada ya yar da shi bayan kwana biyar, kuma kada ya daina shi farat ɗaya ba da sanin likita ba. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi su koma sana'arsu.

Sai batun in wata annobar ta zo. An janye dokar ta-ɓaci ta duniya kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma annoba ba ta ƙare a duniya ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

In abu ɗaya kawai za ka iya yi, to ka kwance tarkon nan da na ba ka labari. A samu wani abu, ko rabin lada ne, da za a ba wanda ya zauna a gida saboda rashin lafiya, tare da tabbacin cewa gurbinsa na jiransa. Na san ba kai ke riƙe da jakar kuɗi ba. Amma kai ne za ka iya zama da ɗan kwangila tun ana shirya yarjejeniya ka nuna masa lissafin: ladan mutum ɗaya na mako biyu a gefe guda, a ɗaya gefen kuma mutum goma sun kwanta an rufe wurin gaba ɗaya saboda ɗaya ya ɓoye zazzaɓinsa. Na sha ganin kamfanoni suna manna takardu masu cewa "lafiyar ƙwaƙwalwarka na da muhimmanci" a bangon da mutanen da ba a biya ba mako uku suke ginawa, kuma abin yana ɓata mini rai, don ma'aikaci ya san bambanci. Biyan lada a kan lokaci ya fi kowace lacca kwantar da hankali.

Bayan kuɗi sai magana. Jita-jita ta fi yawa a inda shugaba ya yi shiru. Minti biyar kowace safiya kafin a fara aiki, ka faɗi abin da ka sani game da aiki da biya da cutar, ka faɗi ranar da za ka kawo amsar abin da bai tabbata ba tukuna, kuma ka cika. In za a rufe wurin, su ji daga bakinka da wuri. Ka bar su su kawo shawara kan yadda za a raba ayari da lokacin hutu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗan ikon nan da ka ba su a kan aikinsu shi kansa magani ne bisa abin da Karasek ya gano. Wanda ya warke ya dawo, kai ka fara miƙa masa gaisuwa a gaban kowa, ƙyama za ta mutu a wurin. Masu kwana a wurin aiki a rage musu cunkoso, a tabbatar suna da wutar cajin waya, don muryar iyali da daddare tana riƙe mutum fiye da yadda ake zato. In an dawo daga kulle kuma, ka yi tsayin daka a kan a ɗaga ranar miƙa aiki maimakon a matse wata uku cikin ɗaya.

Akwai tsarin da ya burge ni da aka fara a jihar Queensland ta Ostireliya a 2008, mai suna MATES in Construction. Ana yi wa duk ma'aikatan wurin ɗan gajeren bayani kan alamomin haɗari, sannan a ƙara horar da wasu daga cikinsu, 'yan sa-kai, su zama waɗanda ake zuwa wurinsu, su kuma su haɗa mutum da ƙwararru. Hikimar ita ce lebura ya fi sakin baki ga wanda suke kwaɓa tare fiye da baƙo mai riƙe da takarda. Ko ba ƙungiya za ka iya kwaikwayon wannan. A kowane ayari akwai dattijo ɗaya da kowa ke girmamawa, ka san shi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, kuma cikin shawarwarinta akwai horar da shugabannin ma'aikata irinka su iya gane ƙunci su san yadda za su tunkare shi.

Ban manta da kai ba, Malam. Fomen a tsakiya yake, na sama na danna shi, na ƙasa na kallonsa. Kai ma ka yi tsoron cutar, kai ma kana da iyali, kuma mai yiwuwa saurin fushin da ya sa ka sallami mutanen nan biyu daga rijiya ɗaya ya fito da nasu. Ka yi hukunci da sanin da kake da shi a lokacin. In har yanzu abin na hana ka barci ko yana yawan dawo maka, kai ma ka samu wanda za ka yi magana da shi.

Su biyun kuma, in akwai hanyar samunsu, ka neme su. Ba sai da dogon jawabi ba. Ka tambayi lafiyarsu da ta iyali, ka ce ka daɗe kana tunanin yadda kuka rabu kuma a lokacin ba ka fahimci halin da suke ciki ba. In kana da gurbi ka yi musu tayi, in ba ka da shi ka ba da sunansu inda ake nema. Wataƙila ɗaya ya karɓa da fara'a, ɗaya ya ƙi ɗaga waya, wannan haƙƙinsa ne. Kafintan kuwa, in yana tare da kai har yanzu, gobe lokacin hutu ka je ka zauna kusa da shi ka tambaye shi yadda ya ga shekarun nan.